Alfarmar da Na Je Nema a Manchester

Maigidana matuƙin jirgin sama ne, irin ƙananan nan masu gajeren zango. Kakinsa da fentin jirginsa duk na babban kamfani ne, amma ashe wani ƙaramin kamfani yake yi wa aiki, wanda babban ke ba wa kwangila. Ban san da wannan ba sai ranar da ya dawo gidanmu na unguwar Perry Barr a Birmingham ya zauna bakin gado ko takalmi bai cire ba. Ya ce matuƙan babban kamfanin sun sa an ƙayyade, a cikin yarjejeniyar aikinsu, yawan ƙananan jiragen da za a bar wa 'yan kwangila. Duk wanda ya haura iyakar, ajiye shi za a yi. Izinin zamanmu a ƙasar kuwa a kan aikinsa yake rataye. Ga ni da ciki, ga gwamnati na ta tsuke bakin aljihu, hatta ɗakin da masu ciki muke haɗuwa hukumar gari ta rufe.

Akwai wani dattijo a Manchester, abokin mahaifina, kyaftin ne a babban kamfanin. Mu a gida in abu ya gagara wurin babba ake zuwa. Ban gaya wa maigidana ba. Na yi dambun nama, na sayi turare a Sparkbrook, na hau bas.

Hajiyarsa ta shigar da ni falo. Na durƙusa na gaishe shi, ban tashi ba.

"Baba, alfarma na zo nema. A sa baki a bar wa maigidana jirginsa."

Ya zare tabarau. "Shi ya aiko ki?"

"Bai ma sani ba."

"To 'yata, ni ma na ɗaga hannun goyon baya a taron da muka yanke wannan shawara. Gobe in an sake, zan sake ɗagawa. Duk jirgin da aka ba su, daga hannunmu aka ƙwace shi. Mijinki yaron kirki ne, amma da irinsa ake karya mana daraja, don sun fi mu araha."

Sai na faɗi abin da ko a gaban mahaifina ba zan iya faɗa ba.

"Baba, ciki gare ni."

"Allah ya raba lafiya," ya ce. Ya mai da tabaransa.

Hajiya ta taɓe baki. "Yaran yanzu, ciki ma sai an yi masa shela. Tashi ki ci abinci."

Ban ci ba. Na ce masa Allah ya isa, a hankali, amma ya ji. Na fita na hau bas na koma Birmingham.

Jirgin maigidana na cikin waɗanda aka ajiye. Dattijon kuma ya kira mahaifina ya ce ba ni da tarbiyya, ta nan maigidana ya ji inda na je. Bai yi mini faɗa ba, magana kawai ya rage, wanda ya fi faɗan ciwo. Mahaifina ya ce lallai in kira in ba da haƙuri. Har yau ban kira ba, kuma ba na jin zan kira.

An ba mu wa'adin barin ƙasa. Ungozomar asibiti ta auna ni jiya, ta ce cikina ya wuce shiga jirgi.