Abin da Na'urar Ba Ta Sani Ba Game da Inna

Ni ne ɗan farin Inna, kuma tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ana yaye ni kakata ta ɗauke ni. In na je gaishe da Inna a garinmu Ɗansoshiya, sai ta kau da kai ta amsa wa bango. Kunyar ɗan fari ke nan, haka muka taso muka tarar, ban taɓa ɗaukarsa wani abu ba.

'Yar autata kuwa a birni ta girma. Da Inna ta kwanta ciwo bara, na ce wa yarinyar ta shirya mu je dubiya, sai ta noƙe.

"Abba, matar da ba ta ƙaunarka zan je dubawa?"

Ashe ta daɗe tana lura. Ta kwashe komai ta zayyana wa manhajar nan ta waya mai amsa tambaya, ita kuma ta jero mata bayani tsaf: uwar da ba ta kiran sunan ɗanta, ba ta kallonsa, ta ba da shi riƙo, alama ce ta rashin shaƙuwa. Har da shawarar in zaunar da Inna mu fahimci juna. Ni, in zaunar da Inna. Na yi dariya, amma raina ya sosu. Lissafin na'urar bai karkace ba, sai dai ba ta tambayi inda muke ba, yarinyar kuma ba ta san akwai abin faɗa ba. Tsorona kada Inna ta tafi jikarta na riƙe da ita a zuci.

Da ƙyar na lallashi yarinyar. Da mota ta sauke mu a Kafin Maiyaki, muka hau babur zuwa Ɗansoshiya.

Na durƙusa a bakin ƙofa na gaishe da Inna, ta amsa wa bango kamar kullum. Sannan ta yafito yarinyar.

"Matso, 'yar birni. Wancan da kuka zo tare, ba kwa ba shi abinci ne?"

Ta kama hannunta tana juyawa, tana shafa yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe ba ta saki ba. Can ta ce, ƙasa-ƙasa, "Yatsunsa ne."

Yarinyar ta waiwayo ta dube ni, idonta ya cika. Ni kuma na sunkuyar da kai ina kallon hannuna.