Ƙanƙarar da Na Saukar a Tsaunin Maleshiya

Ko zan manta da komai na zamana a Kuala Lumpur, ba zan manta da ranar da na hana wata baiwar Allah hawa tsauni ba, saboda tsoron ƙanƙarar da ba ta sauka a ƙasar. Shekaru sun shuɗe, amma har yau idan na ga hoton dusar ƙanƙara a waya sai in ji kunya ta lulluɓe ni.

A unguwar Cheras muke zaune lokacin, maigidana yana karatun digiri na uku. Ni karatuna bai wuce firamare ba, kuma tun ina yarinya mai fargaba ce ni. Ina iya dawowa daga bakin lif don in duba gas ɗin da na san na kashe. Ƙofarmu tana kallon ta wata yarinya 'yar Katsina, mijinta shi ma ɗalibi ne. A can ta haifi ɗanta na fari, babu uwa babu kaka a kusa. Ranar da aka sallamo ta daga asibiti mahaifiyarta ta kira ni daga gida, ta ce, "'Yata, na ba ki amanarta. Kada ki bari sanyi ya shige ta, kin san jego ba abin wasa ba ne."

Maganar nan ta zauna mini a rai daram. Ni nake dafa mata ruwan wanka safe da yamma, da ganyen darbejiya da nake samowa a kedai, wato kantin wasu Indiyawa. Ni nake dama mata kunun kanwa da 'yar kanwar da na zo da ita daga gida. Idan na shiga na tarar da esi a kunne, sai in kashe in ɓoye rimot. Takan yi dariya ta ce, "Yaya, dafa ni za ki yi? Garin nan ma ai tukunya ne."

Tana gama arba'in mijinta ya kammala karatu, tafiyarsu gida ta matso. Sai 'yan uwa ɗalibai da iyalansu suka shirya musu fitar ban kwana ranar Asabar, zuwa tsaunin nan na wajen gari da ake hawa da motar igiya, wadda take rataye a sama tana ratsa gajimare. Tun zuwan yarinyar nan ƙasar ba ta da zance sai na motar igiya. Laulayi ya hana ta zuwa, sai ciki ya tsufa, sai jego. Wannan ce damarta ta ƙarshe. Har sabon gyale ta sa aka sayo mata a shagunan titin Jalan Tuanku Abdul Rahman, wai don hoto.

Maigidana kuwa ya tafi Najeriya tattaro bayanan bincikensa, ya bar mini tsohuwar wayarsa. Ana jibi fitar na ce bari in duba hasashen yanayi, ko za a yi ruwa. Ina buɗewa sai ga hoton tsauni fari fat, dusar ƙanƙara tana zuba a kansa, ga 'yan kibiyoyi masu nuna iska mai ƙarfi, ga ranar Asabar ma ita ce ta fi muni. Akwai rubutu a sama, ban tsaya na haɗa baƙaƙensa ba. Na ga tsauni, tsauni za mu je, shi ke nan na gama lissafi.

Ko mayafi ban gyara da kyau ba na ƙwanƙwasa musu ƙofa, na miƙa wayar na ce mai jego ba za ta shiga ƙanƙarar nan ba. Mijinta yana ɗaure akwatuna, ya leƙa wayar daga nesa ya yi murmushi.

"Anti, ƙasar nan ba a ƙanƙara. Sanyin can bai wuce na ɗakin da aka kunna esi ba."

"To wannan da ke zuba fa, gari ne?"

"Wallahi waya ce kawai. Rigar sanyi ɗaya ta ishe ta."

Yarinyar ta riƙo hannuna ta ce, "Yaya, boleh mana, zai yiwu. Zan sa safa biyu, in kina so ma uku."

Na fito, a raina cewa nake namiji me ya sani game da jego. Da na yi abin hankali, da na ba shi wayar ya karanta rubutun, ko in kira mai wayar in tambaye shi. Ban yi ba. Ina jin nauyin a ga ban iya karatu ba, kuma tsoro ya riga ya ba ni amsa. Na yini ina ganin jaririn nan yana kakkarwa, ina jin muryar Hajiya, mahaifiyarta, tana tambayata ina amanar da ta ba ni. Kafin la'asar na tura mata hoton can Katsina, na bi shi da saƙon murya mai tsawo.

Ba a jima ba na ji wayar yarinyar tana ƙara ta cikin bango. Hajiya ta yanke hukunci: ba ta yarda 'yarta ta taka tsaunin nan ba, ko da jariri ko babu. Surukin ya yi bayani har ya gaji, ta ce masa ita fa ta gani da idonta, kuma wadda take kula da yarinyar ba za ta yi mata ƙarya ba. Wa zai ja da maganar uwa? Ya haƙura.

Ranar Asabar motoci suka tashi da safe, har da yarana, waɗanda na naɗe cikin riguna kamar ƙunshin goro. Mijinta ma dole ya bi su, tunda dominsu aka shirya fitar. Muka rage ni da ita da jariri. Na dama kunu na kai mata, ina jin kaina kamar wadda ta ceci rai.

Wajen azahar hotuna suka fara shigowa zauren matanmu na waya. Rana tarwai. Mata da gyalensu na kullum, maza da 'yar shara, yara suna shan askirim. Can na hango nawa, sun tuɓe rigunan sun ɗaure a ƙugu, gumi yana bin fuskarsu. Wata ta rubuto, "Maman yara, mun duba ko'ina ba mu ga ƙanƙararki ba. In an samu za mu yi miki tapau, mu ƙunso miki a leda." Aka bi ta da dariya.

Yarinyar tana kusa da ni, tana jan hotunan ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan wanda aka ɗauka daga cikin motar igiya, gajimare a ƙarƙashinsu, sai ta tsaya a kansa ta daɗe. Sabon gyalen yana kan kujera, ko ninkinsa ba a warware ba.

Na shiga kicin na kira maigidana. Da na kwatanta masa hoton, sai da ya yi dariya har ya ƙware.

"Ke, wannan ai tsaunin Japan ne. Kin manta taron da na je da hunturu? Abokan aiki suka ce za su kai mu wasan zamiya a kan ƙanƙara, shi ne na sa hasashen wurin don mu san ranar da iska za ta lafa. Ban cire ba."

"Malam, na fa hana yarinyar mutane tafiya. Har uwarta na kira."

Dariyar ta ɗauke. Ya ce, "Me ya hana ki tambaye ni?"

Na koma falo na durƙusa gabanta, ni da take kira Yaya, na faɗa mata komai. Na so ta yi faɗa, da na ji sauƙi. Sai ta goge idonta da bakin zani ta ce, "Tashi don Allah, Yaya. Wanda ya dafa maka ruwa kwana arba'in ai ba ka riƙe shi da wannan." Na kira Hajiya na warware mata, ta ce ba komai, gara a yi hattara. Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Sauran kwanakin duk na haɗa kaya ne da sallama, har suka hau jirgi ba ta ga tsaunin ba.

Sai bayan shekara na yarda aka kai ni tsaunin. Ina cikin motar igiya, idona rabi a rufe don tsoro, na kira ta ta bidiyo na juya mata wayar ta ga gajimaren. Ta yi ta kallo daga tsakar gidansu a Katsina, yaron yana jan zaninta. Can ta ce, "Yaya, ɗan karkata wayar mana, ban hango ƙanƙarar ba." Muka yi dariya, amma ni tawa da hawaye ta fito.

Har yau ina dawowa daga bakin ƙofa in duba gas, wannan hali ba zai bar ni ba. Abin da na koya shi ne fargabata tawa ce, ba ni da ikon ɗora wa wani ita kafin in tabbatar. Kunyar tambaya ta ɗan lokaci ce. Wadda na guje mata ranar nan, ga shi na musanya ta da wadda ta fi ta, kuma wata ce ta biya.