Ranar da Abdulbaƙi Ya Fitar da Hannunsa Daga Aljihu

Abdulbaƙi taubashina ne, ɗan ƙanin mahaifiyata, saboda haka ba abin da ban isa in faɗa masa ba, kuma ina faɗa. Shekara goma sha huɗu ke nan ina sayar da shinkafa da wake a ƙofar kamfanin fatun da yake aiki a Challawa. In 'yan aikin safe suka tashi, tun kafin in ɗaga kai nake cewa, "A zuba wa bawana, ga shi nan tafe, hancina ya gaya mini." Sai ya yi dariya ya ce, "Jummai, warin nan dai shi ke sayen wakenki." Gaskiyarsa ce kuwa, don rabin masu cin abincina majema ne.

Jima gadonsa ce. Mahaifinsa, marigayi Kawu Mamman, majemi ne a ƙauyenmu da ke bayan kogi, kuma tun Abdulbaƙi yana ɗan shekara bakwai yake daka masa bagaruwa, yana juya fata a cikin ruwan toka. Yana da ashirin jimar gida ta ja baya, masu kuɗi suka riƙa kwashe ɗanyen fatu zuwa kamfanoni. Sai ya bi fatun. Aka ɗora shi a kan injin da ke kankare nama daga jikin fata, yau shekara talatin yana nan, bai taɓa rasa ko da ɗan yatsa ba, abin da ba kowa ke iya faɗa a sashensu ba. Abu ɗaya ya ɗauko daga gidan ubansa, wato kartaji, doguwar wuƙar nan mai mariƙi biyu da majema ke kankare fata da ita. Yana rataye a ɗakinsa, duk Juma'a sai ya sauke shi ya shafa masa man gyaɗa.

Amma aikin ya ci hannayensa. Tafin ya yi kaushi kamar bayan ƙwarya, faratan sun rine shuɗi-shuɗi saboda kemikal, ga wani wari da ba ya jin sabulu. Shi ya sa yake yawo da cokali a aljihu, don kada ya tsoma hannu a kwanon da ake ci tare. In baƙo ya miƙo masa hannu, sai ya dafe ƙirji ya sunkuya, mutane su ce ladabi ne ya yi masa yawa. Ni na san ba ladabin ba ne kaɗai.

Shekara takwas suka yi da matarsa Sauda kafin Allah ya ba su Aina'u. Tana jaririya ba ta barci sai ta riƙe babban yatsansa. Na sha ganin ƙaton mutum zaune a tabarma, ƙafarsa ta yi tsami, ya kasa motsi don kada ya tashe ta. Da ta kai aji biyar ya ce 'yarsa ba za ta yi karatun jeka-na-yi-ka ba, ya matse cikinsa ya mayar da ita wata makaranta mai kyau a Sharaɗa, inda 'ya'yan manajoji suke. Kullum shi ke kai ta a babur. Ba a yi wata biyu ba ta fara cewa, "Baba, sauke ni a kwanar nan, zan ƙarasa da ƙafa." Bai tambaye ta dalili ba, ya riƙa sauke ta a kwana.

Ni ce na tono dalilin, don ba ni da haƙurin irin nasa. Ashe ranar farko da ya kai ta bakin get, wata yarinya ta toshe hanci ta ce wa ya shigo da mushe. Daga nan Aina'u ta gaya wa 'yan ajinsu wai ɗan acaɓa ne, babanta kuwa a ofis yake aiki.

Ana nan sai makaranta ta aiko da takarda. Gidan tarihi na cikin gari ya shirya ranar iyali ran Asabar, kowane yaro ya zo da mahaifi ko mahaifiya. Sauda tana jego, kwananta goma sha biyu da haihuwa. Aina'u ta same ni ina tsince wake, ta tsuguna tana murza gefen hijabi.

"Gwaggo, don Allah ke za ki raka ni."

"Ubanki fa? Tafiya ya yi?"

Na wanke ta tas, ban rage komai ba, har da cewa kuɗin takalmin da ke ƙafarta daga warin nan ya fito. Ta yi ta kuka. Daga baya na ji ba daɗi, don yarinya ce 'yar shekara goma sha ɗaya, ba ita ta ƙirƙiro dariyar mutane ba.

Da na gaya wa Abdulbaƙi, na ɗauka zai yi faɗa. Sai ya daɗe yana kallon tafin hannunsa, ya ce, "Ki raka ta, Jummai. Tana da gaskiya."

"Wallahi ba inda za ni sai da kai. Ko mu tafi mu uku, ko kowa ya zauna gidansu."

Da ya ga na kafe, sai ya kira ta ya yi mata alkawari a gabana. "Aina'u, zan je, amma daga baya zan tsaya. Ba zan yi magana ba, kuma hannuna ba zai fita daga aljihu ba. Ba wanda zai san komai." Ta gyaɗa kai ba tare da ta dube shi ba.

Ran Asabar sau uku ya yi wanka, na ƙarshen har da lemon tsami. Ya zura babbar rigarsa ta sallah, ya karɓo turare wajen wani maƙwabci ya kusa juye kwalbar. Muna shiga adaidaita sahu direban ya fara atishawa, ya ce, "Alhaji, ɗaurin aure za a?" Na ce, "Ƙyale shi, bawana ne, yau na 'yanta shi." Abdulbaƙi kaɗai ya yi murmushi, Aina'u tana ta kallon titi.

Bai taɓa shiga gidan tarihi ba, ni ma haka. Da muka isa ya ga tsohon gini na ƙasa da soraye, sai ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa ya yi sallama, kamar mai shiga zauren wani dattijo. Mai gadi ya ce ba sai ya cire ba. Ya ce ai gidan magabata ne, bai iya takawa da takalmi ba. Haka ya bi ɗaki-ɗaki, takalma a hammata, hannaye a aljihu, kowane ɗaki sai ya yi sallama. Ya daɗe gaban wani ƙaton ƙyauren ƙofar gari, ya daɗe gaban tsofaffin hotunan kasuwa. Aina'u tana can gaba cikin ƙawayenta. Sau ɗaya na ga ta waiwayo, ta ga takalman a hammatarsa, ta yi sauri ta juya.

Bayan an gama zagayawa aka tara mu a tsakar gida ƙarƙashin rumfa. An shimfiɗa tabarmi, gefe guda wata tsohuwa tana koya wa yara saƙar faifai, gefe guda ana tatsuniya. Mu aka kai mu wajen wata ma'aikaciyar gidan, Malama Badi'a, mace mai fara'a, da tebur a gabanta cike da kayan sana'o'in da. Ta ce waɗannan an ware su ne don a taɓa. Sai ta ɗaga abu, yara su canka. Ta ɗaga mazari, wata ta canka. Ta ɗaga zugazugin maƙera, wani yaro ya canka aka tafa masa. Yara suna gaba, iyaye muna baya, Abdulbaƙi yana can ƙarshen tabarma.

Sai ta ɗago kartaji.

Wani ya ce wuƙar mahauta ce. Wata ta ce takobi ne ya lanƙwashe. Malama Badi'a ta ce, "To iyaye fa? Ba wanda ya sani?" Na saci kallon Abdulbaƙi. Gumi yana bin wuyansa, leɓensa yana motsi, amma ya kafa ido a ƙasa. Aina'u ma ta sani sarai, abin da take gani duk Juma'a, ita ma ta sunkuyar da kai. Uba da 'ya suka yi gum, har matar ta gaji ta faɗi sunan da kanta. Ya cika alkawari, kuma ni kaɗai na san abin da hakan ya ci masa.

Da a nan aka tsaya da shi ke nan. Amma sai ta ɗauko wata jar fata jemammiya, ta ce a miƙa hannu-hannu kowa ya ji laushinta. Yara suka shafa suka miƙa, iyaye suka shafa suka miƙa, har ta zo hannun wani mai tabarau da ke kusa da Abdulbaƙi. Mutumin ya ɗora masa ita a cinya.

Hali zanen dutse. Majemi ba ya ganin fata da ido kaɗai. Kafin in ce kwabo, hannaye biyu sun fito. Ya ninka ta huɗu ya sake, ya ja ta ta wuya ya ja ta ta gefe, ya kai hanci ya shaƙa, ya ɗan taɓa bayanta da harshe. Fuskarsa ta canza, ya manta da mu gaba ɗaya. Sai kawai muka ji muryarsa, da ƙarfi kamar yana cikin ƙarar inji.

"Allahu akbar! Jar akuya ce, ba ta wuce shekara biyu ba. Jimar bagaruwa ce, inji bai taɓa ta ba. Da karan dafi aka rina. Kuma wanda ya kankare ta bahago ne, Allah ya jiƙansa in ya mutu, ya iya aiki."

Malama Badi'a ta matso da sauri ta ce, "Baba, yaya kuka gane bahago ne?"

Ya ɗaga fatar zai nuna mata sawun kartajin, sai idonsa ya sauka a kan hannayensa. Ga su nan a fili, da kaushinsu da shuɗin faratansu, kowa yana kallo. Yarinyar da ke zaune kusa da Aina'u ta ce, yadda kowa zai ji, "Lah, ji hannunsa! Wai baban waye wannan?"

Aina'u ta kawar da kai. Abdulbaƙi ya ajiye fatar a hankali, ya mayar da hannayen aljihu, ya miƙe. "A gafarce ni, Malama," in ji shi. "Ni ba na cikin taron nan. Wucewa nake, na ga inuwa na zauna." Ya sunkuya ya ɗauki takalmansa.

Na san Abdulbaƙi shekara hamsin, ban taɓa jin ya yi ƙarya ba sai ranar. Mutumin da ya jira shekara takwas kafin a kira shi Baba, shi ne ya tsaya gaban jama'a ya ce ba shi da kowa a wurin. Na buɗe baki zan yi magana, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi, sai na ji an riga ni.

"Babana ne."

Aina'u ce a tsaye, hawaye yana zuba. Ta sake faɗa, wannan karon tana kallon yarinyar. "Babana ne. Majemi ne. Muna da kartaji a gida, na kakana, kuma ya fi wannan kaifi." Ta tsallake ƙafafun mutane ta isa gare shi, ta zura hannu cikin aljihun babbar rigar, ta jawo hannunsa waje ta riƙe. "Baba, zo ka nuna musu."

Ta ja shi har gaban tebur kamar raƙumi da akala. Malama Badi'a ta miƙa masa kartajin da hannu biyu. Aka kifa masa wani turmi, ya ɗora fatar, ya durƙusa da rigar sallarsa ya nuna yadda bahago ke jan wuƙa da yadda na dama ke ja. Ya yi maganar toka da bagaruwa da man gyaɗa, maganar da ban ji ya yi ba tun rasuwar Kawu. Yara suka yi layi, kowa yana son ya shaƙi fatar ya ji ƙamshin bagaruwa. Mai tabarau ya miƙo masa hannu, Abdulbaƙi ya fara kai nasa ƙirji kamar kullum, Aina'u ta ture gwiwar hannunsa, dole ya miƙa aka gaisa. Yarinyar nan da ta yi maganar hannunsa dai ba ta shiga layin ba, ta zauna tana tura baki, kuma ba wanda ya kula ta.

A hanyar komawa, tun kafin mu wuce Sharaɗa barci ya kwashe Aina'u a kafaɗarsa, babban yatsansa yana cikin tafinta. Hannun ya sage masa, na ga yana cije leɓe, amma bai motsa ba har Challawa. Na so in tsokane shi, amma na fasa. Ina ƙaunar mutumin nan, ko da yake ba zan taɓa gaya masa ba.

Ran Litinin da rana ya zo cin abinci. Ina zuba masa na ce, "Bawana, yau a ina ka sauke gimbiyar?"

Ya zaro cokalinsa, ya juya shi a hannu, ya mayar aljihu.

"A kwana na tsaya, kamar kullum," in ji shi. "Ta ƙi sauka."