Salwar Baba da Fitilar Zaure

Shekarun baya, zamanin da kumandan Bafaranshe yake zaune a Magarya, mahaifina ya kwanta ciwo a ƙarshen damina. Muna ƙauyenmu kusa da Kwaya, ni kuwa ban daɗe da aure ba. Zazzaɓin ya sauka, amma ya tafi da cin abincinsa. Ko kunu aka kai masa sai ya kau da kai, muna kallonsa yana ramewa.

Wani abokina maharbi daga Mallawa ya zo gaishe shi da kwandon salwa, 'yan tsuntsayen da ya kama tun suna ƙanana ya yi kiwonsu har suka soma ƙwai. Mahaifiyata ta dafa ƙwan, ɗan mitsitsi mai ɗigo-ɗigo. Baba ya juya shi a tafin hannu, ya ce, "Wannan ai tsuntsun da Allah Ya ambata a Littafi ne. Bismillahi." Ya cinye. Daga ranar ƙwan salwa kaɗai yake karɓa.

Muka ajiye kwandon a tsakar gida, maƙwabta suka yi ta zuwa kallo. Inna ta ja ni gefe. "Kai, ka lura? Rabin masu shigowan nan ba sa cewa tubarkalla. Ka ɓoye su kafin baki ya kama su." Na ga gaskiyarta. Na zura kwandon cikin rumbun da ba komai, na rufe ruf, ko zaren rana ba ya shiga.

Ba a jima ba ƙwai ya ragu, sannan ya ɗauke ɗungum. Muka ce shi ke nan, mun makara, baki ya riga ya kama su. Na ƙara musu gero da gara, har rubutu na wanke na zuba musu a ruwan sha. Suka sha abinsu suka yi ƙiba, ƙwai kuwa babu. Baba ya koma kau da kai.

Da aka yi girbi ana bukatar rumbu, sai na kai su zaurena, inda nake kwafar littattafai. Ƙofarsa gabas take kallo, kuma ina kunna fitilar man gyaɗa kafin asuba, in sake kunnawa daga magariba zuwa isha'i. Bayan 'yan kwanaki, ina gyara alƙalami, na hango ƙwai a cikin ciyawar kwandon. Na ruga cikin gida ba takalmi ina kiran Inna.

Na fa soma jin kaina. Na ce wa abokina albarkar karatu ce. Ya yi dariya ya ce, "To, Malam, idan sun sauke ka gayyace ni walima."

Sai aka ɗebe mu aikin hanya wajen Dungas. Na tafi zuciyata na kan Baba, don ina ganin ba mai yi wa salwa karatu. Ranar da na dawo, na tarar da ƙwarya cike da ƙwai. Matata ta ce, "Da ka tafi zauren ya zauna a rufe, suka soma ja da baya. Sai na riƙa buɗe ƙofa, ina kawo kaɗina nan da magariba, in kunna fitila."

"Me kike karanta musu?"

"Ni? Labarin kasuwa nake ba su, Malam, kuma ba su yi ƙorafi ba."

Muna cikin dariya muka ji ƙarar sanda a bakin ƙofa. Baba ne, da ƙafarsa, karo na farko tun damina. Ya ce, "Wa ya ba ku izinin dariya ba ni? Ku matsa mini in zauna."

Ya rayu shekaru masu yawa bayan nan, alhamdu lillahi. Daga baya na lura ko kaji da zabbi sun fi yin ƙwai idan yini ya yi tsawo. Allah Shi ne mai bayarwa, amma Ya sanya wa kowace kyauta sababinta, na salwa kuwa haske ne. Har yau idan na tuna tsohon nan a tsaye a ƙofar zaure yana faɗa, sai in ji dariyar ranar ta dawo mini sabuwa.