Sai Shayi Ya Yi Uku

Jiya injin motata ya tafasa tsakanin Cadawa da Gazawa, warin ruwan lagireto ya tuno mini da maigidana, wanda ya koya mini tuƙi.

Shi in mota ta yi zafi, gindin gawo yake nema. Ya ɗaga kapo, murfin inji, ya hura gawayi, ya aza buta. Ba mai taɓa lagireto sai shayi ya yi uku. Wata ranar kasuwa, fasinjoji na ta guna-guni, na ɗauko jarkar ruwan sanyi. Ya make mini hannu da carbi.

"Kai, sarkin azarɓaɓi, in matarka ta fusata, ruwan randa kake sheƙa mata?"

"Baba, ai ban yi aure ba."

"Shi ya sa. Zauna ka sha na biyu."

Har yau ina jin ƙamshin na'ana'a gauraye da baƙin mai a rigarsa.

Ni kuwa da na tsufa sai na ƙara wayo. Na sa wa ƙaramar motata ƙaton inji daga tsallaken iyaka, don in riƙa wuce yara a hanya. Jiya da ya tafasa, masu babura na yi mini dariya, na sheƙa masa ruwan sanyi. Na ji "ƙas". Injin ya tsage, abincin gidana ke nan ya tsage. Gemu fari fat, ba wanda ya rage da zai make mini hannu.

Allah Ya sanyaya makwancinka, Baba, sannu a hankali, yadda kake so.