Goron da Kawu Ya Aike Ni da Shi

Shekaranjiya na jiƙa ƙaro a ɗan kwano zan gyara hular maigidana. Warinsa na bugo ni sai na tsinci kaina zaune a bakin famfo, hular a cinyata, ban ko taɓa ta ba. Kai da ba a gidanmu ka tashi ba, ƙaro a wurinka abin wankin hula ne, ko abin da ake zubawa a tawada. Ni kuwa warin ɗakin Kawu ne. Da shi yake manna gemu.

Kawu ƙanin Dada ne, wato mahaifiyata, kuma ɗan wasan kwaikwayo ne tun kafin a haife ni. A gidan kakannina na wajen uwa na tashi, cikin tsohon garin Yola, gidan malamai da ma'aikatan kotu, irin gidan da ko dariya za ka yi sai ka leƙa ka ga wa ke zaure. A nan Allah ya jefo mutumin da sana'arsa ita ce ya rikiɗe ya zama wani mutum daban. Manyan gidan ba su taɓa kiran abin da yake yi aiki ba. In baƙo ya tambaya, sai a ce yana ma'aikatar al'adu, a yi sauri a miƙa masa ruwa.

Ya fara ne a dandamalin makarantar horar da malamai, daga nan zauren taro na gari, sannan gidan talabijin na jiha ya ɗauke shi wasan mako-mako, wani da Hausa wani da Fulfulde. Da zamanin kaset ya zo ya fito a finafinai ma, yawanci uban yarinya ko mugun mai unguwa. Amma ni ba a allo na fi saninsa ba. Na fi saninsa a tsakar gida lokacin bazara, sa'adda zafin Yola ke hana ko kaza motsi, kowa ya baje a ƙarƙashin dalbejiya yana fifita. Sai ƙofar ɗakinsa ta buɗe, wani tsoho ya fito yana dogara sanda, gemu fari fat, yana tambayar ina masu gidan. Mun san shi ne. Mun ga lokacin da ya shiga. Duk da haka sai mun durƙusa mun gaishe shi, Dada kuma ta ja mayafinta kafin ta tuna ta jefe shi da mafici.

Ranar da ake nuna wasansa, bayan magariba tsakar gidanmu ba ta da masaka tsinke. Yara a gaba kan tabarma, mata a baya da ƙwaryar gyaɗa suna ɓarewa. In an ɗauke wuta a jona batirin mota. Manyan nan da ke jin kunyar sana'arsa ma sukan tsaya daga bakin zaure, wai iska suke sha.

Yana da hanyar aikinsa da yake kira ɗauko mutum. Da safe ya rataya jakarsa ta fata, ya hau mota zuwa Jimeta, ya zauna a tasha ko bakin babbar kasuwa yana kallon jama'a. In idonsa ya faɗa kan wanda ya dace, sai ya bi shi a hankali, ya ga yadda yake taka ƙasa, yadda yake gyara hula, inda yake ajiye hannunsa in yana ciniki. Da yamma ya dawo mana da mutumin cikin jikinsa. Duk tashar an san shi da haka. Direbobi har tsokanarsa suke yi, su ce yau wa za a sace.

Sai dai yana da doka guda da bai taɓa karyawa ba. Kafin ya hau dandamali da tafiyar mutum ko muryarsa, sai ya sayi goro ya kai masa, ya gaya masa abin da yake nufi, ya nemi izini. In an karɓa, ya yi. In an ƙi, ya bari. Na taɓa tambayarsa don me, tunda ba sunan mutum zai kama ba.

"Ɓingel am," ya ce, haka yake kirana, wato 'yata. "Tafiyar mutum kayansa ce. Ba a ɗauka ba a tambaya ba."

Mutum ɗaya na sani da ya ƙi goron. Wani Alhaji ne mai shagon yadi a bakin kasuwa, abokin Kawu na shekara da shekaru, wanda a bencinsa Kawu ke zama. Alhajin nan in zai yi magana sai ya yi gyaran murya, ya yarfa hannun babbar riga a kafaɗa, ya karkaɗa makullai, sannan ya taka yana jan ƙafar takalmi kamar kasuwar tasa ce. Kowa na jira ranar da Kawu zai yi shi. Da ya kai masa goro sai Alhaji ya ture hannunsa, ya ce ya ɗauki kowa amma ban da shi, shi mai iyali ne. Kawu ya mayar da goronsa aljihu. Ko a tsakar gida, ko mun yi ta roƙo, bai taɓa yi mana Alhaji ba.

Na riga na zama malamar firamare lokacin da masifar 'yan ta'adda ta turo mutanen arewacin jiha zuwa garinmu. Sun zo a ƙafa, sun zo a bayan manyan motoci, wasu da tukunya, wasu da yaro kawai. Babu gidan da bai karɓi baƙi ba, a Yola, a Jimeta, har Vinikilang. Masallatai da coci-coci suka cika. Mutanenmu sun yi karamci, ba zan ƙi faɗa ba. Amma da bom ya tashi a cikin gari sai zukata suka juya. Aka fara kallon kowane baƙo da wutsiyar ido. Aka kafa shinge a ƙofar kasuwa, samari 'yan banga da gora a hannu suna laluben jakunkuna.

Wannan kallon ne ya hana Kawu sukuni. A lokacin ya manyanta, wasan talabijin ya ja baya, amma ya ce zai shirya wasa ɗaya kan ɗan gudun hijira, don mutanen gari su ga kansu. Ya sami wani dattijo manomi cikin 'yan gudun hijirar da ke wuni a tasha, wanda ba ya taku biyar sai ya waiwaya. Ya kai masa goro, dattijon ya karɓa. Sai Kawu ya shiga binsa, sanye da tsohuwar riga, yana koyon waiwayen.

Dada ta ce masa zamani ya canja, ta roƙe shi ya bar jakar a gida. Ya yi dariya ya ce wa zai taɓa shi a Jimeta, garin da ko jariri ya san fuskarsa.

Ranar ina cikin kasuwa ina sayen kayan miya bayan an tashi makaranta, rana tsaka, sai na ji hayaniya daga ƙofa. Na bi mutane. Kawu ne zaune a ƙasa, hularsa can gefe, leɓensa na jini. Yaran shingen sun gan shi yana bin dattijon manomin yana waiwaye, sun tare shi, sun zazzage jakar. Ga kayan a baje cikin ƙura, gemun gashin akuya, kwalbar ƙaro, rawani, tsohuwar hular ɗan sanda, mayafin mata. Ka sa kanka a matsayin yaron da bai taɓa ganin wasan talabijin na jiha ba, wanda aka ce masa mugaye na shigowa cikin shigar mata. Yaran nan ban riƙe su a zuci sosai ba. Tsoro ne ya yi musu yawa, kuma ba su san shi ba.

Waɗanda na riƙe su ne manyan da ke tsaye. Masu shaguna, direbobi, dillalai, mutanen da suka tsufa suna dariyar wasansa, wasu har sun ci goronsa. Na kutsa ina cewa kawuna ne, ɗan wasa ne, kowa ya san shi. Wani yaro ya tare ni da gora, ya ce mace ta koma baya. Dattijon manomin ya buɗe baki zai yi magana aka daka masa tsawa, shi da ma baƙo ne, wa zai saurare shi. Kalma ɗaya ake nema daga bakin ɗan gari mai mutunci. Wani ya riga ya tafi neman tayar da za a ƙone shi da ita.

Shugaban yaran ya juya wajen Alhaji mai yadi, wanda ke tsaye a ƙofar shagonsa.

"Baba, wannan mutum ya ce kai abokinsa ne. Ka san shi?"

Alhaji ya yi gyaran murya. Ya yarfa hannun riga.

"To, muna ganinsa dai. Amma yanzu wa ya san cikin wani? Shi da ma canja kama ne aikinsa."

Shekaru nawa a benci ɗaya, shayi a kofi ɗaya, abin da ya iya fitarwa ke nan.

Yaron ya dubi Kawu. "In kai ɗan wasa ne, tashi ka yi mu gani."

Kawu ya dafa ƙasa ya miƙe, ya share jinin da bayan hannu. Bai ɗauki gemu ba, bai ɗauki komai ba. Ya yi gyaran murya. Ya yarfa hannun rigar da babu ita a kafaɗa, ya karkaɗa makullan da babu su, ya taka yana jan ƙafar takalmi, ya tsaya a gaban yaron ya ce, da muryar Alhaji sak, "To, muna ganinsa dai."

Kasuwa ta fashe da dariya. Yaran suka saki gorori suna riƙe ciki. Manyan da suka yi gum ɗazu su ne yanzu masu tafi, wannan na cewa ai shi ne, wancan na cewa tun yana yaro yake kallonsa. Wanda ya kawo tayar ya jingine ta da bango yana dariya shi ma. Ban taɓa jin ƙarar da na tsana kamar wannan dariyar ba. Mutum na jini, sai da ya ba su nishaɗi sannan suka tuna sun san shi.

Na tattara kayan, na tare keke napep, muka koma Yola.

Washegari da hantsi ya kira ni ɗakinsa. Ya miƙo mini ƙullin goro a ganye, farare manya, ya ce in kai wa Alhaji.

Na ce ba zan je ba. Na ce mutumin da ya sayar da shi a bainar jama'a, shi za a kai wa goro? Na faɗi maganganun da ban taɓa faɗa a gaban babba ba, har Dada ta leƙo.

Ya bari na gama. "Abin da ya yi nasa ne. Ni na ɗauki kayansa bayan ya hana ni. Ki ce ina neman gafara."

Na je, don ba a yi mini tarbiyyar ƙin aiken Kawu ba. Na sami Alhaji yana auna wa wata mata shadda. Na ajiye goron, na isar da saƙon kamar yadda aka ba ni. Na tsaya ina jira ko kunya za ta kama shi, ko zai tambayi jikin abokinsa. Ya kwance ganyen, ya zaɓi babba, ya ɓare, ya jefa a baki.

"Ki ce masa na yafe," ya ce. "Amma kada ya ƙara."

Bai ƙara ba kuwa. Wasan ɗan gudun hijirar ba a taɓa yin sa ba. Jakar ta koma bayan ƙofa, ƙaron ya bushe a kwalba. Kawu bai sake zama a tasha ba, ko asibiti za a kai shi Jimeta sai ya kawar da kai in an zo wucewa ta bakin kasuwa. Ya rayu wasu shekaru bayan haka, mutum mai shiru, yana koya wa jikoki karatu a zaure. Manyan gidanmu suka ce alhamdulillahi, ya natsu.

Yanzu gari ya lafa. An cire shingen, kasuwa ta cika ta batse, yaran gora sun zama magidanta. Tun da Kawu ya rasu bara, guntayen tsofaffin wasanninsa ke yawo a waya, ana rubuta gwarzonmu, abin alfaharin Adamawa. 'Yan ajina ma suna nuna mini, ba su san kawuna ba ne. Nakan karɓi wayar in kalla in mayar musu. Masu wasan yanzu kuwa sai su ɗauki mutum a hoto a titi, su watsa shi duniya ta yi masa dariya, ko sallama babu.

Ranar sadakar ukun Kawu ina daga cikin gida ina leƙen zaure ta tagar ɗakinsa. Alhaji ya zo, ya tsufa, amma takalmin na nan yana jan sa. Aka matsa masa ya zauna a sahun gaba. Ina ji yana ba mutane labarin amincinsu, yadda marigayi ba shi da wurin zama a Jimeta sai bencinsa. Aka yi addu'a, aka shafa, aka zagayo da farantin goro.

Ya miƙa hannu ya ɗauki biyu.