Warin Fetur a Rijiyar Murja

Murja 'yar Disina ce, aure ya kawo ta Azare tun tana da ƙuruciya. Mijinta Kashim direba ne, ya daɗe yana tuƙa wa wani Kwara, Balarabe mai awon gyaɗa, mota. Da Kwaran zai koma Kano sai ya bar masa tsohuwar kitikarsa, baƙar mota ƙarama mai buɗaɗɗen baya, wadda ta tsufa tun kafin a tafi yaƙin Bama. Da ita Kashim yake kai 'yan kasuwa Gamawa da Katagum. Ita kuwa Murja ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take yi, kuma a ƙofar gidansu akwai rijiya mai ruwan daɗi wadda duk unguwa ke ɗiba.

Kashim ya rasu wata bazara bayan gajeriyar jinya, ya bar ta da 'ya'ya mata biyu. Ƙanensa Babayo, wanda dama shi ne yaron motarsa, ya karɓi tuƙi. Tun ba ta fita takaba ba ya fara yi mata zancen Disina: ai gidan ya yi mata girma, ai danginta za su so ganin yaran, shi kuma ga aure yana nema. Murja ta ce ta ji, amma ba ta ɗaure ko tabarma ba. A kwanakin ne kuma ya daina ajiye motar a kangon da ke bayan gidan inda marigayi yake ajiye ta, ya dawo da ita gindin tsamiya, dab da rijiya. Ya ce zanan kangon ya faɗi.

Da damina ta kankama, wata safiya Jalo ya yi sallama. Dattijon Bafillatani ne mazaunin gefen unguwa, a nan yake shayar da maruƙansa.

"Murja, me aka zuba a rijiyar nan?"

"Zuba kuma, Baffa?"

"Maruƙana sun shinshina sun ja da baya. Zo ki gani da idonki."

Ta jefa guga ta jawo. Wani maiƙo mai launi-launi yana yawo a saman ruwan, warin ya daki hancinta tun kafin ta kai baki.

Kafin azahar magana ta zaga unguwa. Wata ta tuna Murja ta taɓa ƙorafin taɓon da masu ɗibar ruwa ke yi mata a ƙofa, aka ce to, kananzir ta zuba don ta kore su. Wata ta rage murya ta ce dama jinyar Kashim ta yi gajarta da yawa. Mata suka ɗauke tulunansu suka koma wata rijiya mai nisa, ƙuli-ƙulinta ya fara kwana a faranti.

Ita kuwa mutum ɗaya ta sa a ranta. Wa ke da man mota in ba Babayo ba? Wa zai ji daɗi in unguwa ta juya mata baya har ta tattara ta tafi?

Ba ta kai ga furtawa ba sai ga shi ya shigo fuska a murtuke.

"Adda, wa ke taɓa motar nan in ba na nan?"

"Wa zai taɓa ta?"

"Na cika tanki jiya da yamma. Yau na tsoma kara na ga ya ragu. Kuma ba yau aka fara ba."

"To, ni sha nake yi, ko miya nake kaɗawa da shi?"

"Ni dai ban ce ba. Amma a ƙofarki take kwana."

"A ƙofata kuma rijiya ta lalace, Babayo. Kai ka san inda manka yake zuwa."

Daga ranar suka shiga gadin juna. Shi ya riƙa ɗaura zare a murfin tanki. Ita ta riƙa share yashin bakin rijiya sumul kafin magariba don ta ga sawu. Da safe zare na nan, babu sawun kowa sai na kaji, amma mai ya ragu, wari ya ƙaru. Babayo ya ce ai ta riga ta koyi irin ƙullinsa ne. Murja ta ce ai shi ma ya iya riƙe tsintsiya.

Ranar kasuwar Gamawa ya fita da motar da sassafe. Murja ta je share ganyen tsamiya a inda motar take tsayawa, sai ta lura ko'ina ciyawa ta tsiro kore shar, ban da wani ɗan wuri da ta ƙone ta yi ja. Ta sa fartanya ta tona. Yashin baƙi ne, yana tashin wari, kuma duk inda ta bi da tonon, wajen rijiya baƙin ya nufa. Ba ta yarda ta gani ita kaɗai ba, ta aika aka kira Jalo, ya zauna gindin tsamiyar har Babayo ya dawo.

Babayo ya kwanta ya shiga ƙarƙashin motar, ya shafo gindin tankin, ya fito da yatsa a jiƙe. Washegari ya kwance tankin ya kai wa Malam Hammadu, maƙerin da ke yin fitilu da mazurari daga tsofaffin garewani a kasuwa. Murja ta yafa mayafi ta bi bayansa, don ba ta yarda a yi maganar ba ta wurin ba.

Hammadu ya hana a matso da tankin kusa da wuta. Ya wanke cikinsa da tafasasshen ruwa da toka, ya sake wankewa, ya ce a bar shi a rana sai wari ya fita. Ranar da suka koma ya kife shi yana kankare tsatsa da wuƙa, sai ya tsaya. Ya ɓanɓaro wani abu busasshe fari-fari, ya murza, ya shinshina.

"Wannan sabulu ne," in ji shi. "Direbobi kan goga shi a huji ya tsai da yoyo na ɗan lokaci. Akwai wanda ya san da hujin nan."

"Na yaushe ne, Malam?" Murja ta tambaya.

"Ba zan rantse ba. Zai iya zama na bara, zai iya zama na watan jiya."

Babayo ya yi wuf ya ce, "Yaya Kashim ne, Allah ya ji ƙansa. Ni ban taɓa sani ba."

"Shi a kango yake ajiye ta," Murja ta ce, ba ta ko dube shi ba.

Hammadu ya jawo kayan aikinsa. Ya yanko faci daga jikin garwa, ya gasa ƙarfen liƙinsa a gawayi, ya narka dalma ya bi gefen facin a hankali har ya kama. Ya cika tankin da ruwa ya ɗora a kan busasshen yashi. Ko ɗigo bai sauka ba.

Rijiyar ce ta fi ba da wahala. An kwashe baƙin yashin, an yashe ta ba sau ɗaya ba, amma sai da wata damina ta zagayo kafin maruƙan Jalo su yarda su sha. Mata suka dawo da ɗai-ɗai. Babu wadda ta nemi gafara, har akwai masu cewa labarin tankin rufa-rufa ce.

Babayo ya mai da motar tasha, ya yi aure, ya gina gidansa a hanyar Chinade. Shi da Murja ba su sake yin wata rigima ba. Duk suna ko biki na gidansa Murja ce a kan tukunya, shi ma duk sallah yana zuwa gaishe ta, ya durƙusa daga bakin ƙofa. Ta aurar da 'ya'yanta a gidan, ta tsufa a cikinsa tana tuyar ƙuli-ƙuli. Babbar 'yarta ta taɓa tambayarta ko har yanzu tana ganin da gangan baffansu ya yi.

Murja ta ci gaba da murza tunkuza.

"Ban gani da idona ba," ta ce. "Amma na je na duba zanan kangon nan. Bai faɗi ba."